Jinjina ga masu sana'ar hannu na Crewe

A watan Yuni na 2020 motar Bentley Mulsanne ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Crewe a Ingila, bayan shekara goma ana ƙera ta. Tare da ita aka yi bankwana da injin V8 wanda asalinsa ya faro tun 1959, a jikin Bentley S2.

Attajiran da suka hau ta sun sha yabo isasshe. Ni masu haɗa ta nake jinjinawa. A lokacin, sama da awa 400 ake ɗauka kafin a gama mota ɗaya, kuma akasarin aikin da hannu ake yi. Akwai mai duba fata, yana bin ta a tsanake yana neman tabon cizon ƙwari da ido da yatsa. Duk baduku ya san wannan haƙurin. Akwai mai ɗinke fatar sitiyari da allura da zare, ɗinki bayan ɗinki, ba gaggawa. Masu katako kuwa sai sun jera siraran fallayen katako yadda zanen gefen hagu zai dace da na dama, sannan su goge shi har ya yi ƙyalli.

Injin ma da hannu ake harhaɗa shi a lokacin, kuma maƙerin da ya gama aikin yakan sa hannu a kan ƙaramin allon da ake liƙa masa. Wasu cikin ma'aikatan nan iyayensu ne suka riga su aiki a masana'antar.