Thomas Sowell a ma'aunin 'yan kasuwa

Yaranmu da suka yi boko sun cika mana waya da bidiyon wani dattijo baƙar fata ɗan Amurka, Thomas Sowell, don haka muka ga ya dace mu ɗora shi a ma'auni.

An haife shi a 1930, ya tashi cikin talauci a unguwar Harlem ta birnin Niyok. Bai gama sakandare ba, ya shiga soja, daga baya ya yi digiri a Harvard har ya kai dakta a Jami'ar Chicago a 1968. Da ƙuruciya ɗan gurguzu ne. Aikin da ya yi a ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ne ya juya shi, don ya ga dokar da aka yi saboda talaka tana iya raba talakan da aikinsa. Tun 1980 yake cibiyar Hoover yana rubutu.

A littafinsa Basic Economics ya ce in hukuma ta ƙayyade farashi ƙasa da na kasuwa, kaya ɓacewa suke yi. Wannan kam ko yaron shago ya sani. Mun sha ganin layin mai, gidan mai a rufe, 'yan bumburutu na cin kasuwa a bakin titi. Ya kuma kare dillali da ɗan kasuwa baƙo, wanda ake zagi da cin riba alhali shi ya ɗauki hatsarin hanya. Duk mai kawo shanu da albasa kudu, ya koma da goro, zai ji daɗin wannan.

Inda muka rabu da shi, tsadar lokacin masifa. A wurinsa tashin farashi sa'ad da mutane ke cikin matsi hanya ce ta rabon kaya. Mu an karantar da mu cewa ɓoye abinci don ya yi tsada haramun ne, kuma wadda ba ta da kuɗin mudu ba ta cikin wannan rabon.

A 2004 ya fitar da littafi kan rabon gurabe bisa ƙabila, da babi guda kan Najeriya. Ya ce irin wannan tsari manyan ƙabilar yake amfana, kuma yana rura gaba. Da zafi, amma akwai gaskiya ciki. Tun tsarin mulkin 1979 ake rabon muƙamai bisa jihar asali, ga 'ya'yanmu an haife su a Sabo, nan ba a ba su takardar ɗan ƙasa, can gida an manta da kakanninsu. Sai dai Malam Sowell ya fi gwanancewa wajen rushewa. Yankin da boko ya iso masa a makare, in an cire kason yau, da me zai kamo na gaba? Amsarsa a bar gasa ta yi aikinta, wannan kuwa bai gamsar da mu ba.