Rigar da Aka Buga Guda Hamsin

Cikinmu akwai masu hoton yarinyar nan mai balan-balan a fuskar wayarsu. Aikin Banksy ne, mai zanen bangon Ingila da ke ɓoye sunansa. A 2004 an buga hoton a takarda, 150 da sa hannunsa, 600 babu, kowanne da lambarsa da fensir a ƙasa. Daga nan aka tsaya. Tsayawar nan ita ce ta zama kuɗi, don mai saye ya san ba za a ƙara ba. Har ofishi ya buɗe, Pest Control, mai ba da takardar shaidar cewa abin da ke hannunka nasa ne. Zanen da ya yi na yarinyar, wanda ya yayyanka kansa a ɗakin gwanjon Sotheby's na Landan a 2018, an sake sayar da shi a 2021 sama da fam miliyan 18.

To, dabarar da aka buga takardun nan da ita, ita ce dai ta masu buga riguna a Maradi, waɗanda muke ce ma ƴan serigrafi. Katako ne kusurwa huɗu, a ɗaure masa ƙyalle mai ƙananan ramuka, a toshe inda ba a so tawada ta bi, a zuba tawada a ja ta da roba. Kowane launi da nasa ƙyallen. Nasu ma ƙidayayye ne: ƙungiyar samari ta kawo riga hamsin, a buga hamsin, a wanke ƙyallen a ɗora aikin wani. Bambancin, can da gangan ake rage yawa, nan aljihu ne ke ragewa. Kuma mai aikin ba ya sa sunansa, in ya sa wani abu, lambar waya ce a gindin riga.

Ba duka ne ke da kyau ba, kada a ce ina yabon gida. Rigunan jam'iyyu na lokacin zaɓe su ne mafi muni a wurina. Ana ɗauko hoton ɗan takara daga kwamfuta a tilasta ma ƙyalle ya fitar da shi, sai fuska ta cuɗe, ido da hanci su zama tabo ɗaya, sai da hula ake gane mutum. Inda hannun mai bugu ke fitowa shi ne aikin launi ɗaya, musamman rigunan ƴan kallon kokowa. Baƙar tawada a farar riga, mutum biyu sun sunkuya sun sarƙe hannu, ba ido ba baki, amma kana ganin wanda ƙafarsa ta fara saki. Wanda ya yanka siffar nan ya san fili, ya san abin da zai zubar. A garin Kantu, wanda ya ci gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975, ba abin mamaki ba ne.

Ni abin da ya fi ja na shi ne rubutun. Dubi kayan bikin 18 ga Disamba 2015, da aka yi wa suna Maradi Kolliya. A ƙa'ida kwalliya ake rubutawa. Amma faɗi kalmar ka saurari bakinka: wasalin da ke bin kw ɗin nan ya karkata zuwa o. Wanda ya rubuta Kolliya kunnensa ya bi. Haka Saboua ta bikin Damagaram na 2018, haka sunan garinmu da ake rubutawa Madarounfa, duk ou ɗin lakkwal ne ya shigo. Tun 1999 Nijar take da dokar rubutun Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, amma da wuya ka ga lanƙwasa a riga. Wasu abokan karatu na ce ma wannan jahilci. Ni shaida nake ganinta, ta yadda wanda ya koyi haruffa da Faransanci ke kama harshen uwarsa. Littafin nahawu ba zai adana mana wannan ba.

Shi ya sa nake cewa mu fara tarawa, kuma kada mu kwaikwayi ƴan gwanjo. In muka ce sai mai lamba da sa hannu, mun kori kowane mai bugu daga Maradi har Ɗan Isa. Abin da ake bukata kaɗan ne: rigar, shekarar, wa ya sa aka buga, guda nawa, da sunan mai shagon in ya yarda. Na ƙarshen nan ya fi komai, don shi ne ake mantawa.

Lokaci kuwa ya ƙure. Injin buga manyan hotuna a leda ya cika gari, yana fitar da fuska tas cikin minti kaɗan, masu biki sun koma can. Rigunan 2015 da suka rage, yawancinsu tsumma ne yanzu, ana goge babur da su a tashar kabu-kabu. Duk mai guda a ƙasan akwati ya kawo ta zamanmu na gaba, ko ta yage, in dai rubutun na karantuwa.