Wayar da muke kai wa kukanmu

Kwanan baya a Maikujera, a rumfar mai cajin waya, na zauna kusa da wani ɗan ƙanena. Kansa a sunkuye, yana ta rubutu a WhatsApp. Da na tambaye shi da wa yake hira, sai ya ce, "Baffa, Meta AI ne. Ina gaya mishi ba na iya barci." Tun da 'yan bindiga suka tayar da ƙauyen kakarsa yake farkawa cikin dare a firgice, kuma bai taɓa faɗa wa kowa a gida ba.

Abin ba sabo ba ne. A 1966 wani masani a jami'ar MIT ta Amurka, Joseph Weizenbaum, ya ƙirƙiro wata manhaja mai suna ELIZA wadda ke kwaikwayon likitan ƙwaƙwalwa. Dabararta ɗaya ce: ta tsinci kalma daga zancenka ta maido maka da ita a siffar tambaya. Ka ce uwarka ta ɓata maka rai, ta ce ka ƙara ba ta labarin iyalinka. Ba ta fahimtar komai. Duk da haka, sakatariyar Weizenbaum, wadda ta ga yadda aka haɗa ta, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta yi hira da ita a asirce. Wannan ya tayar masa da hankali, har a 1976 ya rubuta littafi yana gargaɗin kada a miƙa wa na'ura aikin da zuciyar mutum kaɗai ke iyawa.

Na'urorin yau sun fi ELIZA iya baki nesa ba kusa ba, kuma ba na ganin laifin yaron. A wurinmu namiji ba ya faɗin tsoro. Ya faɗa, a ce ya cika raki, ko a ce ya yi haƙuri kawai. Waya kuwa ba ta yi masa dariya.

Sai dai waya ba ta san ƙarar babura da tsakar dare ba. A 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato, har da Rabah da Goronyo, duk mai jingina da ita ya koma shi kaɗai.

Asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Kware, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Iyaye da malamai, in yaro ya ce ba ya barci, ku zauna ku saurare shi, sannan ku raka shi wurin likita.