Muryar Wa Ke Cikin Alamar Zance? Nazarin Maganar Wani a Labaran Kasuwanci na Turanci

Mai karanta shafin kasuwanci a jaridun Turanci irin su Daily Trust da BusinessDay yakan ɗauka cewa duk abin da aka sa cikin alamar zance maganar mai ita ce, ba ƙari ba ragi. Wannan nazari yana ganin cewa alamar tana yin aikin da ya wuce kawo shaida: ita ce ke raba daraja tsakanin masu magana.

Akwai wurin da alamar ke cika alkawarinta. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi. Jaridu suka ɗauko kalmominsa yadda ya furta su da Turanci, domin furucin kansa shi ne labarin. Cikin 'yan kwanaki farashin lita ya ninka fiye da sau biyu. Magana zarar bunu ce, alamar kuwa ta ɗaure ta a wuyan mai ita.

Al'amarin yakan sauya idan labari ya sauko kasuwannin karkara. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, saboda matsalar tsaro. Ɗan kasuwar da zai faɗi yadda hakan ya taɓa cinikinsa, da Hausa zai yi magana. Kafin ta isa shafi, wakilin jarida ya fassara ta, edita ya datse ta. Duk da haka sai a kewaye ta da alamar zance, kamar da bakinsa ya faɗe ta da Turanci. Idan ya ce "sai dai haƙuri", mai yiwuwa ƙorafi ne mai ɗaci da ya lulluɓe da ladabi, amma fassara takan mai da shi miƙa wuya.

Sai kuma aikatau da ke gabatar da zancen. Jami'in gwamnati ko na banki yakan "bayyana" ko ya "tabbatar", manomi da dillali kuwa sukan "koka" ko su yi "iƙirari". An ba na farko matsayin masani, na biyu matsayin mai kuka, alhali dillalin hatsi ya fi kowa sanin kuɗin tiyar gero. Bahaushe idan zai nesanta kansa daga zance yakan ce "wai", kowa ya ji. Jaridar Turanci takan ɓoye nata "wai" ɗin cikin aikatau.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin masu tsara manufofi a Abuja da Katsina suna karanta waɗannan shafuka. Wanda aka nuna yana kuka tausayi yake samu, ba a neman shawararsa. Ya kamata jarida ta riƙa faɗin harshen da aka yi hira da shi, mai karatu kuma ya duba aikatau kafin ya gaskata abin da ke cikin alamar.