Makami Ba Horo: Sharhi Kan Yadda *Tarihin Kano* Ya Bayar da Labarin Yaƙi

1.0 Gabatarwa

*Tarihin Kano* littafi ne da aka rubuta da Larabci. H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Ingilishi a 1908, sannan aka samu ta Hausa a cikin *Labarun Hausawa da Maƙwabtansu* a farkon shekarun 1930. Yaƙe-yaƙen sarakuna sun mamaye littafin, musamman tsakanin ƙarni na 15 da na 18. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa marubucin ya ƙware wajen lissafa kayan yaƙi, amma ya yi shiru game da horon da ke mayar da mutum mayaƙi. Ɗalibin da bai lura da wannan giɓi ba zai ɗauka cewa makami kaɗai ke cin yaƙi.

2.0 Salon Jingina Farau ga Sarki

Babban salon littafin shi ne ya ɗauki sabon abu ya jingina shi ga sarki guda. Bisa lissafin shekarun Palmer, Kanajeji (1390–1410) aka ba farau na lifidi da kwalkwali da sulke. Muhammadu Rumfa (1463–1499) aka jingina wa dawakin zage, wato dawakin da ake ja a gefe domin sarki ya sauya idan nasa ya gaji ko ya ji rauni. A zamanin Kumbari (1731–1743) aka ce an kawo garkuwoyi daga Nufe da kuma bindigogi. Babba Zaki (1768–1776) shi ne aka ce ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa.

Wannan salo yana da amfani. Yana sauƙaƙa hadda, yana kuma nuna hanyoyin ciniki da kayan suka biyo. Sai dai salo ne na kirari: yabon sarki ne ya fi damunsa. Tsakanin shigowar bindiga zamanin Kumbari da kafa rundunar 'yan bindiga zamanin Babba Zaki akwai aƙalla shekara 25. Wa ya koyar da ɗura albarushi da auna abokin gaba a waɗannan shekaru? Littafin bai ce komai ba.

3.0 Kwatanci da Wasu Rubuce-rubuce

Za a fi ganin giɓin idan aka dubi Barno. Imam Ahmad bin Fartuwa, wanda ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen Mai Idris Alooma a 1576, ya ambaci 'yan bindiga Turkawa da bayin gidan sarki da suka ƙware wajen harbi. Ya kuma bayyana yadda ake kewaye gari mai shinge har a ci shi. Dalili a fili yake: shi limamin sarkin ne, zamani ɗaya suka yi, ya ga wasu abubuwan da idonsa.

A Turai kuwa, a 1607 Jacob de Gheyn ya buga littafi mai zane-zane a ƙasar Holan, wanda ya rarraba sarrafa bindiga zuwa matakai 42. Wannan littafin koyarwa ne. *Tarihin Kano* ba don haka aka rubuta shi ba, saboda haka ba adalci ba ne a auna su da mudu ɗaya. Aibin da za a iya kama shi da shi shi ne ya sa mai karatu ya zaci cewa canji yana faruwa ne rana ɗaya da umurnin sarki.

Akwai kuma batun lokacin rubutawa. Murray Last yana ganin an harhaɗa asalinsa a tsakiyar ƙarni na 17, John Hunwick kuwa yana ganin aikin ƙarshen ƙarni na 19 ne. Ko wanne aka ɗauka, marubucin ya yi nisa da Kanajeji da ɗaruruwan shekaru. Abin da baka ke riƙewa tsawon wannan lokaci shi ne suna da kirari. Aikin yau da kullum, irin su horo, shi ke fara zubewa.

4.0 Harshe a Matsayin Shaida

Inda littafi ya yi shiru, harshe yana magana. Kalmomin *lifidi* da *bindiga* daga Larabci aka aro su, abin da ke nuna cewa daga waje suka zo. Kalmomin da suka shafi gwaninta kuwa, kamar *kilisa* da *sukuwa* da *jahi*, suna nuni ga motsa doki a kai a kai har ya saba da mahayinsa. Sarautu irin su Madawaki da Barde da Sarkin Baka suna nuna rabon aiki tsakanin mahaya da maharba. Farauta da kokawa kuma filaye ne da saurayi ke koyon juriya da sarrafa jiki.

Bukukuwa ma shaida ne. Jahin da ake yi wa sarki a hawan salla siffar kai farmaki ce. Haka abin yake a Sokode ta ƙasar Togo, garin da ke kan tsohuwar hanyar fataken goro Hausawa. Can masarautar Kotokoli ta yi suna a ƙarni na 19 da mahayanta da ake kira Semasi, kuma wasan dawaki na bikin Adosa yana tunatar da su.

5.0 Kammalawa

*Tarihin Kano* taska ce wadda ba ta da madadi wajen sanin kayan yaƙi da jerin sarakuna. Amma ya kamata ɗalibi ya karanta shi da tambaya biyu a zuciya: me marubucin ya ga ya cancanci yabo, kuma me ya ɗauka kowa ya sani har bai ga dalilin faɗa ba? Amsar tambaya ta biyu sai an nemo ta a cikin kalmomi da sarautu da waƙoƙin fada.