Fim Ɗin Ar-Risala: Hawayen Nan Na Waye?

 

Duk shekara idan watan Rabi'ul Awwal ya kama, ko azumi ya matso, sai fim ɗin Ar-Risala ya dawo gidajenmu. Da a kaset muka san shi, aka koma faifai, yau ga shi cikin wayar kowane yaro. Wani ɗalibinmu na ajin sira ya same mu bayan sallar Isha'i da wata magana da ta hana mu barci. Ya ce: "Malam, idan na kalli wurin da aka kashe Sayyidina Hamza sai na yi kuka, amma mun karanta yaƙin Uhudu a aji ban ji komai ba. Anya zuciyata lafiya take?" Wannan tambaya ce ta sa muka sake zama muka kalli fim ɗin, wannan karon da kunne fiye da ido.

Za mu fara da adalci, domin shi aka umarce mu da shi. Mustafa Akkad, mutumin Halab ta ƙasar Siriya, shi ya shirya fim ɗin, ya fito a 1976. An ɗauke shi a Maroko da Libiya, kuma sau biyu aka yi aikin: na Larabci inda Abdullahi Gaisu ya fito a matsayin Hamza, da na Turanci inda Anthony Quinn ya hau wannan matsayi. Mutumin ya yi ladabi. Bai nuna fuskar Manzon Allah (SAW) ba, bai sa kowa ya kwaikwayi muryarsa ba, bai nuna halifofi huɗu ba. Ko Sayyidina Ali, takobinsa kawai ake hangowa a fagen Badar. Mutane da yawa a unguwanninmu a nan suka fara jin sunan Sumayya da Ammar da Wahshi. Akkad ya rasu a 2005 sakamakon harin bam da aka kai wasu otal a birnin Amman. Allah Ya gafarta masa, Ya saka masa a kan niyyarsa.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Da aka ɓoye fuska aka ɓoye murya, sai aka bar gurbi, shi kuwa mai fim ba ya barin gurbi a fili. Ku lura da kyau: duk inda ake son a nuna Annabi (SAW) yana wurin, sai 'yan wasa su juyo suna kallon na'urar ɗaukar hoto, su yi shiru kamar masu saurare, sannan wani sauti mai taushi ya taso a hankali. Ke nan abin da aka ajiye a gurbin Fiyayyen Halitta kiɗa ne. Mai kallo zai yi kusan awa uku ana koya wa zuciyarsa cewa wannan sautin shi ne alamar kusantar Manzo. Shi ya sa za ka ga dattijo ya ji kiɗan a wayar wani a kasuwa, tsikar jikinsa ta tashi, ya kama salati. Salatin alheri ne, babu shakka. Amma wa ya ƙulla wannan igiya tsakanin sautin da zuciyarsa?

Wanda ya tsara kiɗan Bafaranshe ne mai suna Maurice Jarre, gwani a sana'arsa, har aka sa aikinsa na Ar-Risala cikin masu takarar kyautar Oscar. Shi ne dai ya yi kiɗan fim ɗin Lawrence of Arabia na 1962, labarin wani hafsan sojan Ingila a hamadar Larabawa. Da ƙwarewar da ya sa masu kallo suka ƙaunaci wancan Bature, da ita ya sa mu kuka a Uhudu. Ba zarginsa muke yi ba, aikin da aka ɗauke shi ya yi, kuma ya iya. Abin da muke son ɗalibi ya gane shi ne kiɗa ba ruwansa da gaskiyar labari ko ƙaryarsa. Kamar jaki yake, duk kayan da aka ɗora masa zai kai gida. Da za a shirya fim a mayar da Abu Jahali gwarzo, a sa masa irin wannan sauti lokacin faɗuwarsa a Badar, wallahi da an samu masu share hawaye.

Mun gwada abin a tsakar makaranta. Muka kunna wa manyan ɗalibai wurin da Wahshi yake bibiyar Hamza da mashinsa, muka kashe sautin gaba ɗaya. Me suka gani? Mutane sanye da kayan wasa suna gudu cikin ƙura, wani ya faɗi. Har wani yaro ya yi dariya. Muka mayar da sautin, nan take wuri ya yi tsit. Hoto ɗaya, labari ɗaya, ɗalibai ɗaya. Kowa ya ga da idonsa wanda ke riƙe da linzamin.

Malamanmu ba su jahilci wannan ƙarfi ba. A cikin Bukhari da Muslim akwai labarin Anjasha, mai kora raƙuma da muryarsa mai daɗi, har raƙuman suka riƙa sauri da mata a kansu, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sassauta. Imamul Gazali a cikin Ihya'u ya ware littafi guda a kan ladubban sauraro, inda ya bayyana cewa sauti yana motsa abin da ke kwance a zuciya ne ya fito da shi. Idan dabba tana manta nauyin kayanta saboda sauti, ina ga ɗan Adam da ke zaune cikin duhu ya saki jiki?

Game da hukunci, ba mu zo da sabuwar fatawa ba. Ɗalibanmu sun karanta a ɗaya Risalar, ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, cewa ba ya halatta mutum ya yi gangancin sauraren kayan kiɗa. A kan haka mafi yawan malaman mazhabobi huɗu suke, tare da rangwamen da aka yi wa duffi a wurin biki. Ibnu Hazmin ya saɓa musu, ya ga hadisan hanin ba su inganta ba. Mu muna tare da jumhur, kuma ba ma zagin wanda ya bi ɗaya ra'ayin da ilimi. Sai dai ko wanda ya halatta kiɗa, ya kamata ya tsaya a nan ya yi tunani. Halatta abu daban, mayar da shi ƙofar son Annabi (SAW) daban.

Fim ɗin da kansa ya kawo hujjarmu. Ku tuna zaman fadar Najjashi, sarkin Habasha, inda Amru ɗan Asi ya je neman a mayar da masu hijira. Littattafan sira sun ruwaito cewa Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta farkon Suratu Maryam, sarki ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe, limaman kiristan da ke kewaye da shi su ma suka yi kuka. A ranar da abin ya faru babu mai goge, babu mai algaita a bayan labule. Magana ce ta shiga kunne, hankali ya auna ta, zuciya ta sallama. Kukan da ya biyo ta wannan hanya shi ya kai Najjashi ga imani, har Annabi (SAW) ya yi masa sallar gawa daga Madina. Kukan da kiɗa ke jawowa kuwa ta bayan gida yake shigowa, bai gaisa da hankali ba, shi ya sa da an kashe talabijin yake bushewa. Nawa ne cikinmu suka yi kuka a fim ɗin da dare, suka makara sallar Asuba?

Abin da ya fi damunmu ma shi ne ɗabi'ar ta tsallako cikin wa'azi. Yanzu yara kan yanko karatun malami, su shimfiɗa masa sauti mai sosa rai a ƙasa, wani lokaci ma kiɗan Ar-Risala ɗin ne, su watsa a WhatsApp. Wasu har ƙira'ar Alƙur'ani suke yi wa haka, wa iyazu billahi. Mai yin wannan, ko bai faɗa da baki ba, yana nuna cewa maganar Allah ita kaɗai ba ta isa ta motsa mutane ba. Harshen da ya saba da yaji mai yawa, ranar da aka ba shi madara sai ya ce salam take.

Ga amsar da muka ba ɗalibin nan, ita muke ba kowa. Ɗana, zuciyarka ba ta mutu ba, tunda har ta damu ta yi tambaya. An dai saba mata da abin da ke ɗaga ta ba tare da ta yi aiki ba. Koma ga littafin sira, ka karanta Uhudu a hankali. Ka san waye Hamza a wurin Annabi (SAW): baffansa ne, kuma ɗan'uwansa na shayarwa. Ka tsaya a kan yadda Manzo ya same shi bayan yaƙi, da yadda daga baya ya karɓi musuluncin Wahshi duk da zafin da ke ransa. Idan hawaye ya zo a nan, naka ne. Idan bai zo ba, ka ci gaba da karatu, domin ba a auna imani da yawan hawaye, da biyayya ake auna shi.

Iyaye kuma, idan yara sun kalli fim ɗin, kada a tashi haka nan. A tambaye su me ya faru, wa ya faɗa, a wane littafi yake. Su kuma masu haɗa wa'azi da kiɗa, don Allah ku bari.

Allah Ya ba mu son Manzonsa na gaskiya, Ya sa Alƙur'ani ya zama shi ne mai motsa zukatanmu.