Bangon dabbobin yaƙi a Landan

A titin Park Lane, gefen lambun Hyde Park na birnin Landan, akwai bangon farin dutse da David Backhouse ya tsara, aka buɗe shi a watan Nuwamba na 2004, domin tunawa da dabbobin da suka halaka a yaƙe-yaƙen Ingila da ƙawayenta. Alfadarai biyu na tagulla, niƙi-niƙi da kayan yaƙi, sun nufi wata kafa da ta raba bangon. A bayanta doki da kare na tafe ba kaya. A jikin dutsen kuma an sassaƙa giwa, raƙumi da tantabaru.

Gwanintar aikin tana ga alfadaran nan, waɗanda gajiya kawai ake gani a jikinsu. Rauninsa kuwa yana ga rubutun da ke cewa dabbobin ba su da zaɓi. Gaskiya ne, amma bangon ya yi shiru game da wanda ya ɗora musu kayan. Duk malamin da ya koyar da tarihin ɗibar soja ta tilas da Faransa ta yi a Afirka ta Yamma lokacin yaƙin 1914-1918 ya san ba alfadari kaɗai aka ja da igiya ba. Tausayin dabba bai da tsada, domin ba ta kai ƙara, ba ta neman diyya.